Collabora Office a waya, ra'ayina bayan na yi aiki da ita

Masu tambayata wace manhaja nake lissafi da ita a waya, tunda ba kullum mutum zai sungumi laptop ya shiga kasuwar Mile 12 ta Legas ba, to Collabora Office ce, kyauta take a Play Store. Wani kamfani ne a Cambridge can Ingila yake yinta, injin LibreOffice suka ɗauko suka zuba a waya, ta fito a Android da iPhone a 2020. Ita kuwa LibreOffice manhajar kwamfuta ce mai aiki irin na Word da Excel, tun 2010 take, kuma a buɗe aka bar yadda aka gina ta, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya gyara.

Wallahi abin da ya fi min daɗi ba talla. Kana tsaka da rubuta kuɗin buhunan albasar da aka sauke, direba na tsaye a kanka yana jiran cikon kuɗinsa zai kama hanyar Arewa, ba wani bidiyo da zai faɗo ya rufe maka lissafi ya cinye maka data, ba kuma a ce sai ka yi rajista da imel ba, ko sabis ya ɗauke tana aikinta. Takardar Excel da Alhaji ke turowa ta WhatsApp tana buɗewa da fomularta, in na canza yawan buhu jimla ta gyara kanta, in maida ita PDF in tura masa nan take. Ta Word ma haka.

Amma fa tana da nauyi, dole, babbar manhajar kwamfuta ce aka matse. Mai ƙaramar waya sai ya yi haƙuri wajen buɗewa, ya kuma share wasu bidiyoyin ya samar mata wuri.

Abin da ke damuna shi ne kasuwarta nan gaba. Collabora kuɗinsu daga kamfanoni da hukumomi yake zuwa, masu biya a kula musu da manhajar, kuma a Turai abin na tafiya, ko a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ce za ta maida kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice. To can kwamfuta ce ofis, mu nan waya ce ofis ɗinmu, kuma mutanenmu abin da suka tarar a cikin Tecno ko Infinix ko itel shi suke amfani da shi, ko wanda yaron Computer Village, kasuwar wayoyi ta Legas, ya loda musu ranar da suka saya. In dai waɗannan yaran ba su san da ita ba to 'yan kasuwar Agege da Alaba Rago ba za su taɓa jin sunanta ba, komai kyanta, kuma gaskiya abin takaici ne don mu ta fi yi wa amfani.

In wayarka na da ram 4GB zuwa sama ka samu wayfay ka sauke, ka fara gwada ta da tsohuwar takarda kafin ka ɗora mata lissafin maigida.