Tallafi ko waƙafi: wanne zai riƙe mana rubuce-rubucen ilimi?

Malam, ka tambaya: in ana son mujallun jami'a da kundayen digiri, har da rubuce-rubucen magabata irin su malaman Katsina Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, su kai ga jikoki, tallafi za a nema ko waƙafi za a kafa? Ni dai na fi karkata ga waƙafi, amma kowanne da wurinsa.

Tallafi, ko na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati da ke samun kuɗi daga harajin kamfanoni, ko na wata gidauniyar waje, kuɗi ne masu wa'adi. Sun dace da aikin da ake yi a gama: a sayi na'ura, a kwance gafaka, a ɗauki hoton shafukan da gara ta fara ci. Shekara biyu ko uku, an miƙa rahoto, an rufe. To a ta huɗu wa zai biya kuɗin ajiya a intanet? Wa zai sayi man janareta? Takarda takan shekara ɗari a adaka ba ta nemi kwabo ba, fayil kuwa kullum sai an ciyar da shi.

Nan waƙafi ya fi. Ba a taɓa uwar dukiya, amfaninta ake ci, kamar yadda Annabi (SAW) ya shawarci Sayyidina Umar kan gonarsa ta Khaibar. Da haka Azhar ta yi ƙarnuka tana tsaye. Jami'ar Harvard ta Amurka ma kusan kashi 5 cikin 100 na asusunta mai kama da waƙafi take kashewa a shekara. Sai dai lissafin da nauyi: in ajiya na cin miliyan 2 duk shekara, sai an tara miliyan 40 tukuna.

Ga kuma halin naira. A farkon 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, alhali kamfanonin ajiya na waje da dala ake biyan su. Waƙafin da aka jibge a banki zaizayewa zai yi. In ni ne, shaguna zan gina wajen Ƙofar Kaura ta Katsina ko bakin babbar kasuwa, tunda haya tana bin tsadar rayuwa. A rubuta sharaɗin a gaban alƙali, a naɗa amintattu uku ko biyar. Kada a bar wa mutum ɗaya karɓar haya, don ranar da ya kwanta dama magada za su ce shagon babansu ne.