Kafen da aka kawo wa Kawu ranar Alhamis

Shayi kam a Damagaram ba a nemansa, shi ke nemanka. Duk lungun da ka bi daga Birni har Zango akwai fada, ga barada bisa garwashi, ga samari suna jiran na biyu da na uku. Teburin mai shayi ma da asuba yana nan: burodi, ƙwai, madarar gwangwani, cokali guda na Nescafé cikin ruwan zafi. Ban raina wannan ba, da shi na tashi. Amma shekara shida da na yi a Abijan ina tsaron shagon kawuna a Ajame sun saba mini da wani abu dabam, wato kafen da ake niƙa ƙwayarsa a gabanka, ƙamshi ya riga kofin isowa. Tun da na dawo gida nake cigiyar irinsa ban dace ba.

Shi ya sa da aka ce mini an buɗe wani wuri a bakin kwalta, ba nisa da Kasuwar Dole, har da injin matsa kafe, ban kwana biyu ba na je. Zuwan farko, gaskiya, na ji daɗi ƙwarai. Yaron ya niƙa ƙwayar ina kallo, ya danne garin, ya ɗaura a inji, cikin daƙiƙa talatin ko ƙasa da haka ɗan kofin ya cika, da kumfar nan mai ruwan ƙasa kwance a sama. Na kurɓa na gane robusta ne, irin wanda ake nomawa a Kwaddibuwa, mai ɗaci da nauyi, wanda sinadarin hana barcinsa ya kusa ninka na arabika, ɗan asalin Habasha. Dala ɗari suka karɓa, wato sefa ɗari biyar. Da yawa ne in ka auna da na mai shayi, amma ƙasarmu ba ta noma kafe, daga nesa ake ɗauko shi, don haka ban yi ƙorafi ba. Na fita ina ta ba mutane labari.

Sai ga Kawu ya zo daga Abijan ɗaurin auren ƙanwata. Mutumin nan shi ya koya mini shan kafe, kuma tun da likita ya ce yana da ciwon suga bai ƙara sa ko ƙwayar sukari a bakinsa ba. Kwana uku yana gida yana haƙuri da abin da ya samu. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, gari ya cika, ga sanyin hunturu, na ce: "Kawu, ku taso in kai ku inda za ku sha irin na can." Ya yi murmushi ya ɗauki hularsa.

Muka zauna. Na kira yaron na ce masa: "Ƙanena, biyu za ka matso mana, baƙi, kada ka sa sukari ko kaɗan, Alhaji ba ya sha." Har sau biyu na faɗa. Ya ce: "To Yaya, an gama." Ashe an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun kafin mu shigo, ni ban lura ba saboda rana ce, hira kuma ta ɗauke mini hankali. Ban ji ƙarar niƙa ba, ban ji ta inji ba, sai dai na ga yaron ya shige ciki ya fito da kofuna biyu a faranti. Kawu ya yi bismilla ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin a hankali, ya nemi ruwa. Da na ɗanɗana nawa sai na ji jikina ya mutu. Garin gwangwani ne aka kaɗa da ruwan fulas, aka buga shi da cokali don ya yi kumfa, kuma da sukari a ciki, don sai an haɗa da sukari kumfar ke tashi sosai.

Na tambayi yaron me ya kawo mana. Ya ce kafe ne. Na ce daga inji? Ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ɗaukewar kuran ba laifinsa ba ne, duk wanda ke zaune a garin nan ya san halin da ake ciki. Da ya buɗe baki ya ce "Yaya, babu wuta, sai na gwangwani", da mun ce to, ko mu jira ko mu tafi. Amma a ba dattijo mai ciwo abin da aka roƙa kada a ba shi, don kawai kada ciniki ya wuce? Kawu bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi.

Muryata ta ɗan tashi, sai mai wurin ta fito. A nan dole in faɗi alherinta. Ta russuna ta gaida Kawu, ta ce: "Baba, ku gafarce mu, kuskurenmu ne." Ba ta kare yaron ba, ba ta kuma ci mutuncinsa a gabanmu ba. Ta bayyana mana cewa injin yana jan wuta da yawa wajen dafa ruwa, ƙaramin gurup ɗinsu, wato janareta, ba ya iya ɗaukarsa. Sannan ta ɗauko butar nan ta Italiya mai hawa biyu, ta zuba ruwa a ƙasa, garin kafen da ta niƙa da safe a tsakiya, ta aza bisa gas. Minti biyar tururi ya turo shi sama. Kawu ya sha, ya lumshe ido, ya ce: "Wannan shi ne." Ta kuma rantse ba za ta karɓi ko dala ba. A lokacin na huce, har na ce a raina zan ci gaba da turo mutane.

Muna shirin tashi sai wani ɗalibin jami'ar André Salifou da ke teburin kusa ya matso ya ce mini: "Yaya, ashe ba haka ɗanɗanonsa yake ba? Ni ai sau uku ina zuwa, irin wancan ake ba ni." Dala ɗari-ɗari yake biya daga ɗan kuɗin da ake aiko masa, yana zaton ya sha na inji. Nan fushina ya dawo sabo. Ke nan ba yau aka fara ba. Kuma in butar nan tana cikin shagon tun farko, me ya hana a koya wa yaron aiki da ita? Ko kafen Tuba na ƴan Senegal, wanda ake soyawa da kimba a tace ta ƙyalle, ai ba ya bukatar wuta, kimba kuwa ga ta nan tuli a Kasuwar Dole. Hanyoyin fita kunya suna da yawa, aka zaɓi a ruɗi wanda bai sani ba.

Na koma sau biyu bayan tafiyar Kawu, don har yanzu ban samu inda ya fi su ba in injin na aiki. Yaron yana nan, yana gaishe ni da ladabi, kuma ya iya aikinsa. Amma yanzu a bakin kanta nake tsayawa, ba na zama sai na ji ƙarar niƙa da kunnena. Abokan da na yi wa talla a farko kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu abin da ya faru, na ce in sun je su fara tambaya ko akwai kuran.