Malam, ɗauki ta faibar, amma ka fara leƙa ƙarƙashinta

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga hotunan tireloli biyun da ka turo, irin ɗakunan kwanan nan da ake ja da mota, 'yar Boler ɗin ta 1974 mai ƙafa 13 mai jikin faiba, da doguwar nan mai jikin alminiyam da ka ce ta fi araha kuma har da banɗaki a ciki. Ɗauki ta faibar. Iri biyun duk na riƙe su. Ɗaya tana bayan gidana a nan Winnipeg ta Kanada yanzu haka, ɗayar kuwa har yau idan na tuna kuɗin da na zuba mata raina yana ɓaci.

Mai alminiyam ɗin tana da faɗi, wannan ba zan hana ta ba. Amma alminiyam ɗin riga ce kawai, ƙashinta katako ne. An kafa sanduna, an lulluɓe su da falle-falle, kuma duk inda falle biyu suka haɗu, a kusurwa da bakin rufi da gefen taga, ɗanko ne ya toshe. Ɗankon nan bushewa yake da shekaru. Ga rufinta a shimfiɗe, ƙanƙara ta zauna a kai wata huɗu ko biyar, ta narke da rana, ta sake daskarewa da dare, tana buɗa tsagar a hankali. Ruwa ya shiga bango ya kwanta, ba mai gani. Tawa a bazara ta biyu na danna bangon ƙasan taga da babban yatsa, sai ya lotsa kamar burodin da aka jiƙa a shayi. Da na ɓamɓare allon, katakon ya yi baƙi, ana dumbuzarsa da hannu. Mai neman ƙarfen da take zaune a kai na sayar wa a ƙarshe.

Boler kuwa ka ɗauka ƙwarya biyu ce aka kifa ɗaya a kan ɗaya, ta sama da ta ƙasa, aka haɗe bakinsu, aka zagaya mahaɗar da ɗamarar nan da kake gani a tsakiyarta. Shi ya sa mutanen nan suke kiran irinta ƙwai. Rufin ba shi da ɗinki, a kumbure yake, ruwa ba ya samun wurin zama. Faibar kanta ba ta ruɓa, ba ta tsatsa. Idan ta tsage, ka goge wurin, ka shimfiɗa zaren faiba ka shafe da ruwan gam ɗinsa, ta koma garau, aikin yini ɗaya ne ga mai haƙuri, sai dai ka rufe hanci da baki don ƙurar tana da illa. A garin nan aka haife ta ma. Ray Olecko ne ya fito da ita a Winnipeg a 1968, aka ci gaba da ƙera ta har 1988, wajen guda 10,000 aka yi gaba ɗaya. A 2018 masu ita sun taru a nan daga sassan Kanada da Amurka don cikarta shekara 50, ɗaruruwan tireloli, yawancinsu da ƙafarsu suka zo, an jawo su dubban kilomita. Abin da ya haura shekara arba'in yana bin titi ba sai an yi masa dogon yabo ba.

Daren da na san ban yi asara ba, a gandun dajin Riding Mountain ne, kusa da tafkin Clear Lake, cikin watan Yuni. Ka san magaribar lokacin, sai wajen goma saura. Mun idar da salla ke nan a kan tabarma a waje sai hadari ya taso, iska ta fara kwasar kujerun maƙwabta. Muka shige mu huɗu. Yara suka hau gadon gaba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, uwargida ta ɗora shayi mai citta da kanumfari a kan murhun gas, ruwa da ƙanƙara suna dukan rufi kamar ana watsa tsakuwa. Ni kuwa tocila na riƙe ina bin gefen tagogi ɗaya bayan ɗaya, saboda tsohon tsoro. Ko ɗigo. Ƙaramar ta yi barci da kofinta a hannu. Da asuba na ga masu tanti suna matse barguna, muka miƙa musu ruwan zafi.

To amma kada kyan ƙwaryar ya ɗauke maka hankali. Ciwon Boler a ƙasa yake. Ƙarfen da take zaune a kai siriri ne, an yi shi don rashin nauyi, kuma inda ya fi tsagewa shi ne wurin da ƙarafan gaba biyu suka lanƙwasa suka shige ƙarƙashin jiki. Ka je da tsohon kwali ka kwanta, ka haska wurin, ka kankare tsatsar da sukudireba. Layi siriri kamar gashi ma tsaga ce. Idan ka ga an yi walda an ɗora faci, ka tambayi yaushe, wa ya yi. Tawa sai da muka kwance kusoshin da suka riƙe jiki, muka ɗaga ƙwaryar gaba ɗaya muka ɗora a kan katakai, na ja ƙarfen tsirara zuwa wurin mai walda. Ya ƙara masa ƙarfi a lanƙwasar, na goge na shafa fentin hana tsatsa hawa biyu. Aiki ne na Asabar uku, amma tun daga ranar nake tuƙi ba na kallon madubi da fargaba.

Sai aksul, ƙarfen da yake riƙe da tayoyi. Irin nata ba sifirin gare shi ba, roba ce a cikin bututun ƙarfe take shanye gargada. Robar 1974 ta daɗe da mutuwa in ba a taɓa canzawa ba. Ka sa jak ka ɗaga gefe ɗaya. Idan tayar ta sauko kaɗan yayin da jiki yake tashi, da sauran rai. Idan ta tashi tare da jiki a sandare, to duk ramin da ka faɗa kai tsaye yake dukan ƙarfe da faiba, shi ne ma yake jawo tsagar da na faɗa, shi ne yake sa ƙofar kabad buɗewa a hanya. Canza shi, kuma ka sayi mai birkin lantarki, don yawancin tsofaffin ba su zo da birki ba. Boris ɗin ƙafa a wanke a sa sabon giris kafin tafiyar farko, ko da daga gidan mai sayarwa zuwa naka ne. Tayoyi kuma kada ka duba zanensu kawai. A gefen kowace taya da aka ƙera daga shekarar 2000 akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba.

Inda ruwa kan shiga Boler sananne ne: gefen taga, murfin iska na rufi, da ƙananan kusoshin da suka ratsa jiki suka riƙe kabad. Maganinsu ba silikon ba ne. Don Allah kada ka bari silikon ya taɓa ta, ba ya daɗewa, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa. A cire tagar gaba ɗaya, a kankare tsohon ɗanko, a naɗa tef ɗin butil, a mayar. Ƙofa ma ka duba, takan sake ta ƙasa har ka hango titi ta tsagar. Ka taka ko'ina a daɓen da diddige, musamman bakin ƙofa da ƙarƙashin benci. Sannan farin soson nan da aka manna a bangon ciki, Ensolite, ko ya yi dauɗa kada ka yage shi. Shi yake hana raɓa tsatsafowa idan kun kwana mutum huɗu a rufe, kuma samun madadinsa wahala ne. Sabulu da buroshi da haƙuri suka gyara nawa.

Gas ba abin gwaji ba ne. Tiyo da kan tukunya ka sake su sababbi, ka kai wa mai lasisi ya gwada layin, ka kafa na'urar jin hayaƙi da ta jin iskar gas mai kisa marar wari. Tsohon abin ɗumama ɗakin ni cire shi na yi. Wayoyin wuta na zare su duka na sa sababbi da fis, fitilu na mayar da su LED, batir ɗaya da faifan sola mai wat 100 suna riƙe mu kwana uku da fitila da cajin waya da fanka. Idan batirin litiyam za ka saya, ka sani ba a caja shi idan sanyi ya kai na daskarar ruwa, ka shigar da shi gida kafin hunturu, ka kuma tsiyaye tankin ruwa kaf. Labule da sabuwar katifa da fenti su ne na ƙarshe. Na ga waɗanda suka fara da su, kuɗi ya ƙare, aksul yana nan matacce.

Banɗakin da ya ja hankalinka zuwa waccan, gaskiya Boler mai ƙafa 13 ba ta da shi. Amma sansanonin Birds Hill da Grand Beach da Wasagaming duk suna da banɗaki da wurin wanka, buta biyu da ɗan masai na ɗauka don yara da dare sun ishe mu. Salla a waje muke yi ƙarƙashin rumfa, cikin ba ya ɗaukar sahu. Abin da ka samu a madadin haka shi ne rashin nauyi. Tawa da kayanmu duka na hau da ita sikeli, ba ta kai kilo 680 ba, wato iyakar abin da ƙananan jif da yawa aka yarje musu su ja. Ka duba littafin motarka. Waccan doguwar sai ka nemi babbar mota, ga mai, ga kuɗin ajiya tunda ba za ta shiga gefen gida ba. Abu ɗaya ne zai sa in ce ka dakata: idan yaranka sun wuce biyu ko sun fara girma, ƙafa 13 za ta matse ku. Ko a hakan faiba zan ce ka nema, Scamp mai ƙafa 16 ta Backus a Minnesota, wadda daga tsatson Boler ta fito kuma har yau ana ƙera ta, ko Trillium ta Ontario mai manyan tagogi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ƙwan nan yana da farin jini, 'yan damfara sun sani. Sukan kwashi hoton tirelar wani su liƙa da farashi mai daɗi, su ce suna nesa, mutum biyar suna layi, ka turo kafin alƙalami a ajiye maka. Ba a cinikin biri a sama. Ko sisi kada ya fita sai ka taɓa ta da hannunka, ka ga takardar rajista da sunan wanda yake tsaye a gabanka, ka gwada lambar jikinta da ta takarda, a rubuta shaidar ciniki ku sa hannu. Akwai kuma masu tirelar gaske amma marasa amana. Sabon fenti a kan ƙarfen ƙasa kaɗai, sabuwar ledar daɓe, turare mai ƙarfi da zarar an buɗe ƙofa, duk ka tambayi abin da suke rufewa. Ka buɗe benci ka sa hanci, warin fumfuna ba ya ɓuya. Wanda ya hana ka sa jak ko kwanciya ƙarƙashi, yi masa sallama ka kama hanya.

A hoto na uku da ka turo na lura tayar hagu ta shige cikin jiki sosai, alamar aksul ya zauna. Ka rage kuɗinsa a cikin tayi tun farko. Ka tsayar da rana da mai ita, in Asabar ce bayan azahar ina gida, zan zo da jak da tocila mu je tare in Allah ya yarda.