Wace na'urar auna radon za a saya wa tsohon masallaci?

Tun da aka yi wa masallacinmu na unguwar Aboabo a Kumasi gyara, aka cire tagogin katako na da, aka sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, hankalina bai kwanta ba. Radon iska ce da ke tasowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu. Ba ta da wari, ba ta da launi, ta tsagar daɓe take shigowa, in ɗaki a rufe yake sai ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari tana cikin manyan masu haddasa kansar huhu, kuma a 2009 ta ba da shawarar kada ta haura bekerel 100 a kowace kubik mita ta iska (ma'aunin radon ke nan, ana rubuta shi Bq/m³), ko da wata ƙasa ta gaza cimma hakan, kada ta wuce 300. Ni dai ladan da yaran makarantar allo nake ji wa tsoro, su da ke wuni a ciki.

A cikin na'urorin auna ta, mai gawayi ta fi araha, amma kwana biyu zuwa bakwai take aunawa, kuma laima na ɓata mata lissafi. Da daminar Kumasi? A bar ta kawai. Mai batir da allo, irin su Airthings, ba laifi in asusun masallaci na da kauri.

Zaɓina 'yar robar nan ce da ake kira CR-39. Ba ta kai tafin hannu ba, ba ruwanta da batir ko ɗauke wuta. Ƙwayoyin da radon ke fitarwa suna barin tabo a jikin robar, a ɗakin gwaji a wanke ta da sinadari a ƙirga tabon. Wata uku zuwa shekara ake barin ta, amfaninta ke nan, domin radon na hawa da sauka tsakanin dare da rana, tsakanin damina da hunturu. A ajiye ɗaya a sahun gaba, ɗaya a ɗakin ladan, nesa da taga da fanka. A gaya wa mai shara, kada ya ɗauka laya ce! Masu bincike na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana da ke Kwabenya a Accra sun san wannan aiki, a fara tuntuɓarsu.

To, ga inda aka cuce ni. Wani mai shago ya rantse mini cewa na'urarsa na auna "kowace muguwar iska". Na biya da kuɗin jama'a. Ashe ƙura da hayaƙi take aunawa. Da na kai wa Alhaji ma'aji, sai ya ce, "Malam, kai ma?" Daga aljihuna na mayar da kuɗin.

Saboda haka in ba ka ga Bq/m³ a rubuce ba, ajiye masa kayansa. Wadda ta ba ka lamba cikin minti biyar, ka yi shakkarta. Mai ƙarar "kat-kat" ɗin nan da ake tallatawa a intanet ma aikinta daban, ba don auna radon aka yi ta ba. Ita kanta robar, in ledarta a huje take, ta riga ta fara ƙirga tun a shago. Sannan ka tambaya tun kafin ka biya: wa zai karanta ta, kuma kuɗin ɗakin gwaji yana cikin farashin?