Shagon dogaye da ƙarti a Houston: ƙanin ya dace, yayan ya sha jira

'Ya'yana maza biyu ne, kuma duk wanda ya gan su tare sai ya sake kallo. Yayan yana buga ƙwallon kwando a makarantarsu, tsawonsa ƙafa 6 da inci 7, amma nauyinsa bai wuce kilo 88 ba. Ƙanin kuwa ƙwallon Amurka yake yi, wannan mai kama da zari-ruga, a sahun gaba inda ake ture-ture. Shi ƙafa 6 da inci 2 ne, kilo 127. Ciki ɗaya suka fito, tukunya ɗaya nake zuba musu, amma kowa da irin jikin da wasansa ya gina masa.

Kayan Sallah ba sa ba ni wahala. In auna su, in aika wa telanmu a Kano, a ɗinko kaftani daidai jikin kowa. Inda gizo ke saƙar shi ne kwat. Yayan zai gama sakandare a watan Mayu, ƙanin kuma ƙungiyarsu tana da walimar ƙarshen shekara, dukansu an ce sai da kwat da laktaye. Mun zaga manyan shaguna uku muka dawo hannu rabbana. Wata maƙwabciyata ce ta kwatanta min wani shago a kudu maso yammacin gari, wanda ba ya sayar da komai sai kayan dogaye da masu jiki.

Muna shiga, mutumin da ya tarbe mu ya dubi yaran, ya nuna yayan ya ce, "Kwando." Ya nuna ƙanin ya ce, "Sahun gaba." Bai jira amsa ba ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa. Nan take hankalina ya kwanta, domin a sauran shagunan da zarar an ga yaro babba sai a miƙo masa riga mai X uku, a ce ya gwada. Wannan kuwa ya san dogo daban, ƙato daban. Ya nuna min yadda suke rubuta lambar kaya: wadda aka ƙara wa harafin T ta dogo ce, an ƙara mata tsawon jiki da na hannu, mai harafin B ta mai faɗi ce, an buɗa ƙirji da ciki da wuya.

Da ƙanin aka fara, kuma cikin minti ashirin an gama. Wuyansa inci 19 da rabi, ƙirjinsa 52, ƙugunsa 44. Layi guda cur na riguna aka nuna masa, ya zaɓi launin da yake so. Abin da ya fi burge ni shi ne wandon. Matsalarsa kullum cinya ce: in ƙugu ya yi daidai sai cinya ta matse, in ya zauna ka ji ɗinki yana ƙara. Suna da wani yanka mai yalwar cinya da mazauni, kuma mutumin ya sa shi ya tsuguna sau biyu a gaban madubi kafin ya yarda an ɗauka. Yaron nan ya daɗe yana jin kunyar ɗakin gwaji. Ranar na ga ya juya gaba, ya juya baya, ya ce, "Umma, kin ga na iya rufe maɓallin wuya." Rabonsa da rufe wannan maɓallin tun yana aji ɗaya.

Na yayan ne ya zama aiki. Ƙugunsa 33, tsawon ƙafar wandonsa 38, hannun rigarsa 38. A duk shagon wanduna biyu kawai muka samu masu ƙugu ƙasa da 36. Rigar ciki mai harafin T hannunta ya kai wuyan hannunsa, alhamdulillahi, karo na farko ke nan, amma jikinta ya zauna masa kamar an rataya buhu a sanda. Kwat ɗin da zai yi masa daidai babu shi a ƙasa, sai odarsa aka yi. Gaskiyar magana, ko da yake allon ƙofa ya ambaci dogaye da ƙarti, kashi mafi yawa na kayan na masu faɗi ne. Dogo siriri baƙo ne a wurin.

Muna jiran tela, yaran suka kama gardamarsu ta kullum, wai wa ya fi girma tsakanin 'yan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da 'yan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Mutumin shagon ne ya raba su da misalin da duk ɗan Houston ya sani. Yao Ming, wanda ya buga wa Rockets, ƙungiyar kwando ta garin, daga 2002 zuwa 2011, tsawonsa ƙafa 7 da inci 6, nauyin da aka rubuta masa kilo 141. Vince Wilfork, wanda ya ƙare wasansa a Texans, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, a 2015 da 2016, ƙafa 6 da inci 2 ne, amma kilo 147. Yao ya fi shi da inci 16 cur, shi kuma ya fi Yao nauyi. Ya ce a ba su riga ɗaya a gani.

Ni ma shekarun da na yi ina zama a benci ina kallonsu sun koya min dalili. Kwandon yana sama ƙafa 10, wasan NBA minti 48 ne na kai da komo, wasanni 82 a kaka kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Mai wannan aiki tsawo yake buƙata da dogon hannu, kuma duk kilon da ya ƙara gwiwarsa ce za ta biya. Shi ya sa matsakaicin ɗan NBA yake wajen ƙafa 6 da inci 6 amma bai cika wuce kilo 100 da yawa ba. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya kawo wa garin nan kofi a 1994 da 1995, ƙafa 7 aka rubuta masa, amma da saurin ƙafa ya yi suna. Ƙwallon Amurka kuwa karo ne na 'yan daƙiƙoƙi, sai a tsaya, a sake jeruwa, wasanni 17 kacal a kaka. 'Yan sahun gaba a NFL sukan kai kilo 140 saboda aikinsu su zama katanga. Amma a ƙungiya ɗaya za ka ga masu gudun karɓar ƙwallo da ba su kai kilo 90 ba. 'Yan kwando kusan duk dogaye ne. 'Yan ƙwallon Amurka kowa da girman da gurbinsa ya nema.

Wannan ne ke hana ni barci wani lokaci. Ana ta ce wa ƙanin ya ƙara nauyi in yana son jami'a ta ɗauke shi. Na ga hoton Joe Thomas, ɗan sahun gaba na ƙungiyar NFL ta Cleveland, bayan ya yi ritaya a 2018, ya zabge kamar ba shi ba, na gane cewa jikin nan na aiki ne, da ƙyar ake riƙe shi. Da na ga lambar 44 a tef, abin da ya zo min ke nan.

Telar shagon wata dattijuwa ce mai ƙarancin magana, fil a bakinta, alli a hannunta. Ta hau ɗan benci kafin ta kai kafaɗar yayan. Ta rage jikin rigar ta baya da kalmasa biyu, ta bar bakin wandon a sake har sai da ya sa takalmin da zai saka ranar. Aikinta babu makusa. Inda suka ɓata min rai shi ne alkawari: an ce mako ɗaya, sai da aka yi kwana goma sha ɗaya, na kira sau uku, muka karɓa ana gobe biki. Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Na ƙanin dala 260 har da riga, na yayan ya haura 340 saboda oda da gyara. Takalma kuma kada ka sa rai: lamba 13 mai faɗi akwai, lamba 15 ta siririyar ƙafa kala ɗaya ce tak, baƙi.

Mai ɗa irin ƙanin ya je kai tsaye, zai fito da kaya a ranar. Mai ɗa irin yayan ya je da wata guda a hannu, ya kuma ware kuɗin tela. Dattijuwar ta rubuta min awon kowannensu a ɗan kati, har da faɗin kafaɗa da zagayen cinya, waɗanda ban taɓa aunawa ba. Na ɗauki hoton katin na tura Kano, don kaftanin Babbar Sallah.