Wane Alƙalami, Wace Tawada? Kafin Mai Zanen Littafi Ya Shiga Kasuwa a Kano

Zanen littafi ba a kan teburin mai zane ake yanke masa hukunci ba, a maɗaba'a ne. Sai ya bi ta sikana, ya shiga kwamfuta, a rage girmansa, sannan inji ya buga shi, kuma yawancin littattafan da ake bugawa a nan Kano, na labarai ne ko na 'yan firamare da Islamiyya, a kan takarda mai arha ake buga su, mai shan tawada. Duk layin da bai yi baƙi ƙirin ba a hanya yake mutuwa. Don haka idan zan sayi alƙalami ko tawada abu uku nake dubawa: baƙinta, ko tana tsayawa daram idan ruwa ko kilina ya taɓa ta, da kuma ko alƙalamin zai ba ni layi mai kauri da siriri ba sai na ajiye shi na ɗauki wani ba. Na biyun shi ne na fi tsanantawa a kai.

Biro dai a bar shi wa rasit da jarrabawa. Tawadarsa mai maiƙo ce, tana dunƙulewa a kan layi, a sikana kuma toka-toka take fitowa.

Alƙalamin Rapidograph na kamfanin Rotring na Jamus, wanda ya fito tun 1953, shi ma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Na masu zanen taswirar gini ne, layinsa kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ga tsada, kuma idan ka bar shi da tawada a ciki lokacin hunturu sai ka tarar siririn bututunsa ya toshe, ka wuni kana jiƙa shi maimakon aiki.

Waɗanda suka fi yawa a hannun matasa yanzu su ne siraran alƙaluman nan na roba da ake yarwa idan sun ƙare: Pigma Micron na kamfanin Sakura na Japan, wanda ya fara wannan tawada a 1982, da Uni Pin, da na Staedtler, da Pitt na Faber-Castell. Ba na raina su. Ba sa zubewa, suna shiga aljihu, kuma na asalinsu ruwa ba ya narkar da su. Amma ka lura da lambobin jikin Micron, domin suna ruɗar mutane: 005 milimita 0.20 ne, 01 milimita 0.25, 05 kuma 0.45, 08 ya tsaya a 0.50. Yi lissafi. Idan ka yi zane a kan A4 za a buga a shafin A5, za a rage shi zuwa kashi 71 cikin ɗari, layin 005 ɗin nan da ka yi ta shafa inuwa da shi zai koma kusan milimita 0.14. A kan takardar littattafanmu, ko dai ya tsinke ko ya haɗe da maƙwabcinsa ya zama tabo. In dole sai su, ka riƙe 03 da 05 da 08, ka bar 005 wa mai zanen da zai sa a gilashi. Babban aibinsu dai shi ne layinsu ba shi da rai, kuma bakinsu yana cinyewa a kan takarda mai kaushi tun tawadar ba ta ƙare ba. Alƙalami mai bakin buroshi, irin Pocket Brush na Pentel, yana da kyau wajen cike manyan wurare da baƙi, sai dai hannun da bai goge ba zai sha wuya da shi.

Ni zaɓina alƙalamin tsomawa ne, mai bakin ƙarfe da ake sokawa a ƙota, a tsoma a tawada. Wanda duk ya yi makarantar allo ba baƙo ba ne a nan. Ya riga ya san yadda ake fiƙe gamba a tsaga bakinta, ya san yawan tawadar da ake ɗebowa daga kurtu, ya san cewa alƙalami janyo shi ake yi, ba a tura shi gaba. Bakin ƙarfe ma da tsagar nan yake aiki: ka danna, tsagar ta buɗe, layi ya yi kauri, ka sassauta, ta rufe, layi ya koma kamar gashi. A jan hannu ɗaya za ka fara naɗin rawani da siriri, ya kumbura a inda ya lanƙwasa, ya sake sirancewa a inda ya ɓace bayan kunne. Babu Micron ɗin da zai yi maka wannan. Da shi sai ka ja layi, ka dawo ka ƙara masa kauri, kuma ido yana gane facin.

Bakin da nake so shi ne wanda ake kira G, na Japan, wanda masu zanen labaran barkwanci na can suke amfani da shi. Akwai Zebra G, akwai Nikko G, akwai na Tachikawa. Nikko ya ɗan fi tauri, saboda haka shi nake ba mai koyo, domin mai nauyin hannu ba zai buɗe shi da yawa ba. Zebra ya fi laushi da kaifi, shi ne na yau da kullum a wurina. Goma-goma ake sayar da su a fakiti, kuma akwai mai ruwan zinariya da aka yi wa rufin titaniyam, ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Don ƙananan abubuwa, kamar aikin zare a wuyan babbar riga ko zanen bangon gidan sarauta, akwai Hunt 102, ɗan ƙarami mai siffar bututu, amma ka sani ƙotarsa daban ce, ba zai shiga ta G ba sai ka samu ƙota mai rami biyu. Gillott 303 na Ingila yana da laushi ƙwarai, sai dai yana yawan kama takarda ya fantsama tawada. Sai hannu ya faɗa.

Inuwa a zanen littafi da layi ake yin ta, ba da toka-toka ba, domin injin da ke buga baƙi zalla baƙi kawai ya sani da fari. Ko ka jera layuka kusa da juna, ko ka gitta wasu a kansu su yi saƙa, ko ka yi ɗige-ɗige. A nan ne bakin G ya yi wa sauran fintinkau, domin kowane layin inuwa yana farawa da kauri a wajen duhu ya sirance yana nufar haske, sai jikin doki ko tulu ya fito da zagayensa ba tare da ka yi saƙa hawa uku ba. Saƙa mai yawa kuwa ita ce ta fi toshewa idan aka rage zane. Ɗige-ɗige kaɗai na yarda Micron ya fi dacewa da shi, ga mai haƙurin yin sa.

Alƙalamin tsomawa yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba. Sabon baki yana zuwa da ɗan mai da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa, sai ka wanke shi da sabulu ko man goge baki, in ba haka ba tawada ba za ta kama shi ba. Da hunturu tawada kan bushe a kan bakin kana tsaka da aiki, saboda haka ka ajiye tsumma da kofin ruwa a gefe, kuma kada ka bar babbar kwalba a buɗe ƙura ta shiga. Zuba kaɗan a ƙaramin murfi. Da damina kuma a jira ta bushe sosai kafin a ɗora hannu. Takardar hoto-kwafi mai giram 70 ko 80 ba ta yi masa, naso take yi, bakin kuma ya tsinko zarenta. A nemi takardar Bristol mai santsi, ko takardar zane mai kauri daga giram 200 zuwa sama.

Alƙalamin gamba da ake samu a Kasuwar Kurmi kuwa, kada a yar da shi. Don rubutun sunan littafi ko zane mai manyan layuka yana ba da wani kaushi mai daɗin kallo, kuma kusan kyauta ne. Tawadar allo ce dai ba ta shiga wannan aiki, tunda gawayi ce da ƙaro, don a wanke ta aka yi ta. Ta bagaruwa da ake haɗawa da ƙarfe tana kama takarda, amma ba ta kai baƙin da sikana ke so ba, kuma tana cin bakin ƙarfe.

Tawadar da ta dace ita ce tawadar Indiya: baƙin hayaƙi ne aka haɗa da danƙon shelak, idan ta bushe ruwa ba ya motsa ta. Black Indian Ink na Winsor & Newton, mai hoton gizo-gizo a kwali, da Super Black na Speedball, da Black Magic na Higgins, duk suna aiki. A karanta kwalin da kyau, domin Winsor & Newton suna da wata mai suna Liquid Indian Ink wadda ruwa ke narkarwa. Kuma kada a kuskura a zuba tawadar Indiya a alƙalamin rubutu mai tanki, shelak ɗin zai daskare a ciki, shi ke nan an yi asararsa.

Yanzu ga maganar jabu, wadda ita ce ta fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci. An taɓa sayar mini da saitin siraran alƙaluma a wani shago, da sunan wani sanannen kamfani a jikinsu, kwali tsaf. Na yi zanen wani littafin yara da su, na bari suka kwana, da na zo goge fensir sai kilina ta kwashe rabin baƙin ta shafe fuskokin yaran da shi. Bangon littafin kuma da na sa masa fentin ruwa, duk layukan suka yi naso suka koma shuɗi-shuɗi. Da na koma, mai shagon cewa ya yi, "Malam, ai haka kamfani ya aiko su." Wataƙila ma gaskiyarsa ce, shi ma dillali ne ya sauke masa. Amma aikin ni na sake shi, marubucin kuma ni ya riƙa kira.

Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na gwada, kuma da takardata nake zuwa. Ka ce, "Alhaji, zan sayi ɗaya in gwada a gabanka, in ya yi in ɗauki sauran." Ja layi mai kauri, ba shi minti biyu ko uku, ka jiƙa yatsa ka shafa. Na asali ba ya motsi. Jabu rini ne aka ɗura masa, yana jin ruwa zai baje, kuma sau da yawa baƙin zai rabu ka ga shuɗi ko ja-ja a gefe. Sannan ka goge da kilina. Na asalin ma yana ɗan dusashewa idan aka matsa masa, amma ba ya shafewa ya ɓata gefe. Ɗauki 01 da 05 ka ja layi kusa da juna. A jabu sau da yawa kaurinsu ɗaya, lambar ce kawai ta bambanta. Dubi rubutun jikin alƙalamin, ka kankare shi da farce, ka karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, domin masu kwaikwayo kan canza harafi ɗaya a sunan, ido kuma ya wuce bai lura ba. Idan aka ce maka saitin goma sha biyu a kuɗin da bai kai na guda biyu na asali ba, to ka san abin da ke hannunka. Arha ba ta ado, ballantana kayan da da dala ake shigo da su.

Tawadar kwalba ma ba ta tsira ba. Akwai wadda aka yi wa algus da ruwa, ka ja layi ka ga farin takarda yana leƙowa ta cikinsa. Akwai tsohuwar da ta shekara a kanta cikin zafi har ta yi gudaji a ƙasa; girgiza ta, ka karkata kwalbar ka duba gindinta. Akwai kuma wanda zai miƙo maka tawadar hatimi ko ta alƙalamin rubutu ya ce duk baƙi ne. Ba ɗaya ba ne, waɗannan ruwa na taɓa su sun tafi. Kwalbar da murfinta ya yi busasshen baƙi a wuya an riga an buɗe ta. Bakin ƙarfe kuma ka ɗaga shi sama wajen haske: tsagar ta haɗe tsaf har tsini, kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kada a ga ɗigon tsatsa. Wanda aka zube a leda babu kwali, babu tambarin kamfani a bayansa, ka bar wa mai shi.

Masu saye ta intanet ko ta WhatsApp sun fi kowa shiga haɗari, domin hoton na asali ake nuna maka a aiko da wani abu daban. Ka nemi a ɗauko maka bidiyon kayan da ke hannun mai sayarwa, gaba da baya, kuma ka fara da kaɗan. A shagunan kayan rubutu na Sabon Gari za ka samu siraran alƙaluman cikin sauƙi, na kirki da na banza a kanta ɗaya, amma bakin G da tawadar Indiya ta gaske sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko waje, don haka ya fi sauƙi ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi fakiti ku raba.

Wanda kuɗinsa bai da yawa, ya sayi ƙota ɗaya, fakitin Nikko G, ƙaramar kwalbar tawadar Indiya, buroshi ɗaya mai tsini don cike baƙi, da Micron 05 guda don layin rula. Idan zane ya kammala, a gaya wa mai sikana ya ɗauka a 600 dpi (wato ɗigo 600 a kowane inci) aƙalla, 1200 in injinsa zai iya, baƙi da fari zalla, kuma a ce wa mai maɗaba'a ya buga shafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar littafin kafin a ci gaba da sauran.