Hattara da ejan masu cinye kuɗin koshon a Zariya

'Yan haya a Samaru, Kongo, Palladan da Gyallesu, musamman ɗalibai, a kula da wasu ejan. Ranar kama ɗaki sukan karɓi kuɗin haya, da la'adarsu, da koshon, wato ajiyar da ake mayar maka idan ba ka ɓata komai ba. Amma kuɗin haya kaɗai za su rubuta a rasit. Sau da yawa mai gidan ma bai san an karɓa ba.

Sai ranar tashi asiri ke tonuwa. Ejan ya ƙi zuwa karɓar makulli, yau yana Kaduna, gobe waya a kashe. Ya san wanda ya gama jarabawa ba zai zauna jiransa ba. Kana tafiya sai ya shigo da mai fentinsa, su haɗa lissafi: fenti, silin, kwashe sokawe, bashin wuta. Kuma lissafin yakan ɗara koshon ɗin kaɗan, don ka ga kamar ma an yi maka rangwame.

A bi lissafin ɗaya bayan ɗaya. Tabon silin yawanci yoyon kwano ne, rufi kuwa na mai gida ne. Fentin da ya kumbura daga gindin bango danshin damina ne ya taso daga ƙasa. Sokawe na kowa da kowa ne a gidan, ba na mai ɗaki ɗaya ba. A fiƙihun Malikiyya ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya tsufa da amfani na yau da kullum, sai wanda ya ɓata da gangan ko da sakaci. Gilashin tagar da ka fasa, wannan naka ne, ba gardama.

Kada ka biya koshon sai an rubuta adadinsa da sharaɗin mayarwa a takardar yarjejeniya, kwafi 2, da hannun mai gida. Ka tura ta banki. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon bango, silin, famfo da mita, ka aika wa mai gidan ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Ranar fita ka maimaita, ka miƙa makulli gaban shaidu 2, a rubuta.

Idan an riƙe kuɗinka, fara da mai gida kai tsaye, sannan mai unguwa. In ya ci tura, kotun shari'a ko ta majistare. A can, wanda ya ce ka yi ɓarna shi zai kawo hujja.